Cinikin 'Ya'yan Hawainiya A Kantunan Dabbobi: Yadda Yake Gudana Da Haƙƙin Da Ke Wuyan Mai Saye Da Mai Sayarwa

   

A ƙasashenmu ba a sayen hawainiya don a ajiye ta a ɗaki. Manomi ya gan ta a jikin kara ya wuce abinsa, yara su taru a kanta da sanduna, manya kuma su ambace ta a karin magana, su ce hawainiyarka ta kiyayi ramata. Amma a Amurka da Turai da Japan, hawainiya haja ce kamar kowace haja. Mutum zai shiga kantin sayar da dabbobin gida ya tarar da ita cikin akwatin gilashi, kusa da kifaye da tsuntsaye, an manna farashinta a jiki. Da yawa daga cikin waɗanda ake bajewa a irin waɗannan kantuna 'ya'ya ne ƙanana, wasu tsawonsu bai wuce na yatsa ba.

Wani ɗan'uwa zai ce, to mu me ya haɗa mu da wannan? Abin da ya haɗa mu ba kaɗan ba ne. Wani kaso na hawainiyar da ake sayarwa a can daga dazukan Afirka ta Yamma da Kamaru aka kamo shi. 'Ya'yanmu da ke karatu ko neman abinci a waɗancan ƙasashe suna shiga irin waɗannan kantuna, 'ya'yansu kuma suna roƙon a saya musu. Sannan tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin ta shafi duk wanda ya taɓa sa tsuntsu a keji ko ya ɗaure akuya a turke: idan ka tsare mai rai, mene ne haƙƙinsa a kanka?

Wace irin halitta ce hawainiya?

Masana sun ƙirga nau'in hawainiya sama da 200 a duniya. Kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke, sauran kuma mafi yawansu a nahiyar Afirka, sai kaɗan a kudancin Turai da yankin Larabawa da Indiya. Akwai manya da tsawonsu ya haura santimita 60. Akwai kuma wata da aka bayyana wa duniya a shekarar 2021 daga arewacin Madagaska, wadda namijinta, har da wutsiya, bai kai santimita 3 ba.

Allah Ya ƙera jikin hawainiya don rayuwa a kan reshe. Yatsunta a haɗe suke gida biyu kamar awartaki, wutsiyarta tana naɗe reshe ta riƙe, kowane ido yana juyawa shi kaɗai, harshenta kuma yana iya fita ya kai tsawon jikinta ko ya ninka shi, ya cafko ƙwaro kafin ƙiftawar ido.

Batun sauya launi, wanda aka fi saninta da shi, mutane sun ɗauka duk don ɓuya take yi. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, idan ta matse su ko ta sassauta su sai hasken da ke komowa daga jikinta ya canza. Da wannan take nuna fushi ko tsoro ko neman aure, da shi kuma take daidaita zafin jikinta, ta yi duhu idan tana jin sanyi don ta zuƙi rana. Ke nan launin hawainiya maganarta ce. Wanda bai iya karanta shi ba, dabbar za ta yi ta gaya masa tana wahala shi kuwa yana sha'awar kyanta.

Daga ina ake samo su?

Hanya biyu ce. Ta farko kamu daga daji, ta biyu kiwo a gida.

Tun shekarar 1977 aka sa jinsin hawainiya da muka sani cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu. Wannan yarjejeniya an rattaba mata hannu a birnin Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, aikinta kuma shi ne kada cinikin ƙasa da ƙasa ya ƙarar da wata dabba ko wani tsiro. Bayanan cinikin daga 1977 zuwa 2001 sun nuna cewa dubban ɗaruruwan hawainiya aka fitar, kusan dukansu daga Afirka, Madagaska da Tanzaniya da Togo ne kan gaba wajen fitarwa, Amurka kuma ita ce babbar mai saye. A 1995 an dakatar da cinikin mafi yawan nau'o'in Madagaska, aka bar huɗu kawai, saboda yadda kamun ya yi yawa.

A yankinmu, wadda ake kira hawainiyar Sanagal, mai zama a dajin da ba shi da duhu sosai, an daɗe ana fitar da ita daga Togo da Benin da Gana. Daga tsaunukan Kamaru kuma ana fitar da masu ƙaho. A wasu wuraren ana kamo mata masu ɗauke da ƙwai, a tsare su har su saka, a ƙyanƙyashe, sannan a tura 'ya'yan waje. Wadda aka kamo daga daji takan bi ta hannun mafarauci, ta je hannun dillali, ta kwana a wurin mai fitarwa, ta hau jirgi, ta sauka wurin mai sari, kafin ta isa kanti. A wannan tafiya ta kwanaki ko makonni ba kasafai take samun ruwa yadda take sha ba, ga tsutsar ciki da takan taho da ita daga daji, wadda ke samun galaba a kanta da zarar jikinta ya yi rauni.

A yau kuwa, mafi yawan 'ya'yan da ake gani a manyan kantuna haifaffun gidan kiwo ne. Wadda ta fi yawa ita ce hawainiyar Yaman, mai tozo a ka kamar hula, asalinta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Sai ta Madagaska mai launuka masu haske, wadda ake wa laƙabi da damisa, sai mai ƙaho uku ta Kenya da Tanzaniya. Kiwo ya rage wa daji nauyi, wannan gaskiya ne. Amma ya zo da tasa matsalar.

Me ya sa ake sayar da su suna ƙanana?

Lissafin kasuwa ne. Macen hawainiyar Yaman tana saka ƙwai 30 zuwa sama da 60 a zama ɗaya, tana kuma iya yin haka har sau uku a shekara. Bayan kamar wata shida sai a wayi gari da 'ya'ya birjik, kowane yana buƙatar ƙananan ƙwari kullum, da wutar lantarki, da wuri. Duk ranar da suka ƙara a hannun mai kiwo kuɗi ne ke fita. Idan ya sallame su da wuri ya huta, akwati ɗaya kuma ya ɗauki da yawa.

Mai kanti shi ma ƙananan sun fi yi masa. Sun fi jan ido, sun fi araha, ba sa cin wuri. Yaro ya ga ɗan abu kore yana tafiya sannu a kan ganye, ya riƙe rigar mahaifinsa, ciniki ya faɗa. Ribar kuma ba a jikin dabbar kaɗai take ba, tana cikin akwati da fitila da abincin da za a riƙa dawowa saye kowane mako.

A nan ya kamata a fahimci wani abu. Hawainiya ba ta renon 'ya'yanta. Uwar takan tona rami ta binne ƙwai ta tafi, ɗan kuma ranar da ya fito shi ke neman abincinsa. Mai ƙaho uku da ke haihuwa ita ma ba ta shayarwa, ba ta gadi. Don haka laifin sayar da ɗan hawainiya da wuri ba na raba ɗa da uwa ba ne, kamar yadda yake ga ɗan kyanwa ko ɗan akuya. Laifin shi ne watannin farko su ne lokacin da jikinsa ya fi rauni kuma ya fi saurin girma. Kuskuren da babba zai jure na wata guda, ƙarami kwana kaɗan zai kashe shi. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai ba sa sakin ɗa sai ya kai kamar wata uku, ya yi ƙarfi, an tabbatar yana ci yana sha.

Abubuwan da ke kashe ɗan hawainiya a tsare

Na farko ƙishirwa. Hawainiya ba ta saba shan ruwan da ke kwance ba. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Idan aka ajiye mata kwano cike da ruwa, mafi yawanci ba ta gane shi a matsayin abin sha. Dole a riƙa fesa wa ganyen kejinta ruwa safe da yamma, ko a sa abin da zai riƙa ɗiga a hankali. Mai gida zai duba ya ga kwano a cike ya ce ya sauke nauyi, alhali dabbar tana mutuwa da ƙishirwa a gaban kwanon. Idanunta su faɗa, farin da ke fita tare da kashinta ya koma ruwan goro, daga ƙarshe ƙoda ta lalace.

Na biyu rashin rana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, masana suna kiran sa UVB. Da shi fatar hawainiya ke haɗa bitamin D3, da wannan bitamin kuma jikinta ke ɗaukar sinadarin kalsiyam ya gina ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske, ƙwan fitila na gida kuma ba ya bayar da shi. Sai an sayi fitila ta musamman, ita ma ƙarfinta yana raguwa ko da tana ci gaba da haskawa, sai an sauya ta bayan wata 6 zuwa 12. Ɗan hawainiyar da ke girma ba tare da wannan haske ba, jikinsa zai riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashinsa. Ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, harshe ya daina harbawa, ya kasa riƙe reshe ya riƙa faɗowa, ƙashi ya karye ba tare da an buge shi ba. Likitan dabbobi zai iya tsayar da cutar idan an kai da wuri, amma ƙafar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai.

Na uku abinci. Hawainiya mai rai take ci. Ɗanta yana buƙatar ƙananan ƙudaje da 'ya'yan gyare da yawa a kullum, kowane kada ya fi faɗin tsakanin idanunsa. Gyaren da ake kiwo don sayarwa ba shi da isasshen kalsiyam, sai an ciyar da shi ganye mai kyau, an kuma barbaɗa masa garin kalsiyam kafin a miƙa. Wanda ya tsallake wannan ya ƙara wa cutar ƙashi gudu.

Na huɗu cunkoso da tsoro. Hawainiya mai son kaɗaici ce. Sababbin ƙyanƙyasa suna iya zama tare na ɗan lokaci, amma da sun fara girma masu ƙarfi sukan mamaye wurin ɗumi da abinci, raunana su koma ƙasa su yi duhu su daina ci. Idan aka haɗa babba da ƙarami, babban yana iya cinye shi. A kanti kuma ga masu wucewa suna ƙwanƙwasa gilashi, ga hannaye ana ɗauka ana ajiyewa, ga babu isasshen ganyen ɓuya saboda ana son mai saye ya gani. A wurin hawainiya, hannun da ya sauko daga sama shaho ne.

Na biyar iska. Akwatin kifi da aka rufe, aka jiƙa shi, iska ba ta ratsawa, yakan jawo ciwon huhu. Abin da ya dace da ita keji ne mai tsayi, mai raga ko ƙofofin iska, cike da rassa da tsirrai. Babban namijin hawainiyar Yaman ana ba da shawarar a ba shi keji mai tsayin kamar santimita 120. Ɗan akwatin da aka haɗa wa mai saye ranar farko ba zai kai shi wata shida ba. Idan aka tara kuɗin keji da fitilu da abin fesa ruwa da abinci da likita, sun ninka kuɗin dabbar sau da yawa. Araha ba ta ado.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne hawainiya ba ta kuka. Kyanwa mai yunwa za ta dame ka, akuya za ta tayar da unguwa. Ita kuwa, kamar sauran dabbobin da ake farauta, ɓoye ciwonta take yi har sai ya ci ƙarfinta. Mai saye yakan ga ɗa ya lumshe ido da rana tsaka ya ce wannan mai natsuwa ne, shi zan ɗauka. Lafiyayyar hawainiya ba ta rufe ido da rana. Kwanakin da wasu kantuna ke bayarwa na mayar da dabba kaɗan ne, cutar ƙashi kuwa sai bayan makonni take bayyana. Lokacin da dabbar za ta mutu, mai kanti ya daɗe da cinye kuɗinsa, mai saye kuma ya ce dama hawainiya ba ta da tsawon rai. Alhali namijin ta Yaman, idan ya sami kulawa, yana kai shekara 6 zuwa 8.

Idan ta rayu fa?

Wadda ta tsallake ƙuruciya tana da nata buƙatun. Macen hawainiyar Yaman tana balaga tun ba ta cika shekara ba, tana kuma yin ƙwai ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Idan ba a ajiye mata tukunya mai zurfi da damshin yashi da za ta tona ba, sai ta riƙe ƙwan a ciki har ya kashe ta. Masu saye da yawa ba a gaya musu wannan ba, wasu ma ba su san mace aka ba su ba.

Wasu kuma idan sun gaji sai su sake ta a waje, suna ganin rahama suka yi. A ƙasa mai sanyi, hunturu ne zai kashe ta. A ƙasa mai ɗumi kuma ɓarna takan biyo baya. A shekarar 1972 wani mai kantin dabbobi a tsibirin Owahu na Hawai ya karɓi hawainiya masu ƙaho uku daga Kenya. Sun iso a rame, ƙishirwa ta galabaitar da su, sai ya sake su a bayan gidansa don su farfaɗo. Suka bazu, suka hayayyafa, yau suna cikin tsibiran Hawai suna cin ƙwari da dodon-koɗin itatuwa na wurin, wanda dama yana dab da ƙarewa. Hawainiyar Yaman ita ma ta kafa zuri'a a dajin jihar Fulorida. Dubi yadda akwati ɗaya na haja ya jawo matsalar da aka shekara hamsin ana fama da ita.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Dabbobi masu jan ciki da dangin ƙadangare sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma tana sa mutum zawo da zazzaɓi. Hukumomin lafiya a Amurka suna gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa su. Saboda wannan cuta ce Amurka ta hana sayar da 'ya'yan kunkuru da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba tun shekarar 1975.

Ina doka ta tsaya?

Yarjejeniyar CITES tana tsayawa ne a kan iyakar ƙasa. Tana duba takardar izini da yawan da aka fitar da yadda aka ɗauko, amma ba ta bin dabba zuwa cikin kanti ko ɗakin mai saye.

A Ingila, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba abubuwa biyar: mazauni da ya dace da ita, abinci da ya dace da ita, damar yin ɗabi'arta, haɗa ta ko raba ta da 'yan'uwanta gwargwadon halittarta, da kare ta daga ciwo da wahala. Ta kuma hana sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba. Daga 2018 an tsaurara sharuɗɗan lasisin masu sayarwa. A Amurka kuwa, dokar tarayya ta kula da dabbobi, wadda ta samo asali a 1966, ba ta haɗa da dangin ƙadangare da maciji ba, sai abin da kowace jiha ta tsara. Jihar Kalifoniya ta hana kantuna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen gidajen kiwo daga 2019, Faransa ma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kanti daga farkon 2024. Waɗannan hani biyu ba su taɓa hawainiya ba. Tausayin mutane yakan tsaya ga dabbar da ke da gashi mai laushi da murya mai ban tausayi.

Abin da Musulunci ya ɗora mana

A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Ayar ba ta ware kyakkyawa daga mummuna ba, ba ta ware mai amfani a gare mu daga wadda ba mu san amfaninta ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Mu lura, ba a ce ta doke ta ba. Tsarewa ce da sakaci. Wanda ya ajiye wa hawainiya ruwa a kwanon da ba ta iya sha, a zahiri ya ba ta ruwa, a haƙiƙa bai shayar da ita ba. Haƙƙin dabba ana auna shi da irin halittar da Allah Ya yi mata, ba da abin da mai ita ya zata ba. Neman sanin wannan kafin a saya wajibi ne, domin ba wanda ya tilasta wa mutum ya ɗauko ta.

Tsare dabba don sha'awa ba haramun ba ne a kan kansa. Ƙanen Anas ɗan Malik (RA), Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har ya tambaye shi labarinsa yana lallashinsa lokacin da ya mutu. Daga wannan hadisi malamai suka ciro halaccin ajiye tsuntsu, da sharaɗin a ciyar da shi kuma kada a azabtar da shi. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi kuma a sayar da ita. Malam Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekarar 660 bayan Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ciki har da ciyar da su irin abin da ya dace da jinsinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwo, da kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, ko da ɗan jinsinsu ne.

Ta ɓangaren ciniki, malaman fiƙihu sun sa sharaɗin abin sayarwa ya zama mai amfani da shari'a ta yarda da shi. Saboda haka da yawa daga magabata suka hana cinikin ƙwari da ƙananan masu jan ciki, don ba su ga amfaninsu ba, wasu kuma suka halatta duk inda aka sami amfani halattacce. Mai son shiga wannan sana'a ya zauna da malaminsa tukuna. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin ha'inci. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya tsawatar masa don ya ɓoye jiƙaƙƙen. Mai kantin da ya san ɗan da ke hannunsa bai kai sayarwa ba, ko ya ga alamar ciwo ya yi shiru, ko ya ce wa mai saye kiwonta ba wuya don kada ciniki ya wuce shi, ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi. A nan ma cutarwar biyu ce, ta mai saye da ta dabbar.

Nasiha ga na waje da na gida

Ɗan'uwan da ke zaune a ƙasashen da ake wannan ciniki, idan yaronka ya roƙe ka, kada ka saya ranar da kuka gani. Ka koma gida ka yi bincike, ka yi lissafin kuɗi da lokaci na shekaru, ka tambayi kanka wa zai fesa mata ruwa ranar da ka taho ganin gida. Idan ka ga za ka iya, ka haɗa keji da fitila tukuna, ka nemi mai kiwon da zai gaya maka ranar da aka ƙyanƙyashe ta, ka guji wadda aka kamo daga daji da wadda ba ta kai wata uku ba. Kada kuma tausayi ya sa ka sayi mara lafiya don ka cece ta, domin kuɗinka ne zai sa a kawo wata a gurbinta. Ka gaya wa mai kantin gaskiya, in akwai hukumar da ke sa ido ka sanar da ita. Idan ka ga ba za ka iya ba, bari shi ne alheri, kuma darasi ne ga yaron.

Mu kuma na gida, namu laifin daban ne. Yara sukan kashe hawainiya da jifa saboda ana ce musu tana da dafi. Hawainiya ba ta da dafi. Idan aka matsa mata takan buɗe baki ta yi huci, wani lokaci ta ciji, amma tsoro ne ke sa ta. Fara da sauran ƙwari take ci a gona. Wasu suna kafa hujja da hadisin da ya yi umarni da kashe wazagu. Wazagu tsaka ce, hawainiya kuwa sunanta da Larabci hirba'u, halitta ce daban. Abin da ya tabbata shi ne Abdullahi ɗan Umar (RA) ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya su isar wa yara wannan.

Wanda kuma dillali ya zo masa ya ce ya kamo masa hawainiya a ba shi 'yan kuɗi, ya sani fitar da ita waje ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, ya kuma tuna irin tafiyar da muka bayyana a sama, wadda shi ne zai ɗora ta a kai. Sannan kowa ya waiwayi gidansa: tsuntsun da ke rataye a keji cikin rana, tantabarar da ruwanta ya ƙafe, ragon da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Sahabbai sun tambayi Annabi (SAW) ko akwai lada a kan dabbobi, bayan ya ba su labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ya tabbatar musu akwai lada a kyautata wa kowane mai rai. Inda ake samun lada da kyautatawa, nan ake ɗaukar zunubi da sakaci.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya yafe mana abin da muka tauye na haƙƙin bayinSa, masu magana da marasa magana. Allah ne Mafi sani.